Zomanyata ta mutu bayan shekara 6, ina kuka ana min dariya, shin laifina ne?

Wata ƙanwarmu daga unguwar Maamobi ta Accra ce ta turo wannan tambaya. A taƙaice ta ce tana da zomanya mai suna Auta, shekara 6 suna tare tun tana sakandare. Ranar Talata da yamma Auta ta ƙi cin abinci, Laraba ta wuni a takure a lungu, ta miƙa mata karas da burodi ko kallo bata yi ba, sai ta ce bari a ga wayewar gari, Alhamis da asuba ta tarar ta sandare. Kwana 5 kenan tana kuka, 'yan gidan haya suna mata dariya, yayanta ma cewa yayi da an yanka ta tun Laraba da ko romo an sha. Tana tambaya: laifinta ne? Auta ta san ta kuwa, ko abinci kawai ta sani? Akwai zunubi a kukan dabba? Sannan 'yar Auta da ta rage, Ƙarama, ita ma ta rage cin abinci.

Ƙanwata sannu, Allah ya baki haƙuri ya mayar miki da mafi alheri. Ni aikin kula da lafiyar dabbobi nake yi a nan Accra shekara 18 kenan, kuma tun ina yaro a Nima nake kiwon zomaye, to da na karanta saƙonki wallahi sai da na ajiye waya na ɗan yi shiru, don nasan irin asubar nan da kika gani, nima na taɓa ganinta.

Amma kafin maganar wadda ta tafi bari mu fara da wadda ke numfashi, don ita ce bata jira. Yanzun nan ki tashi ki share wajen Ƙarama tas, ki zubar da tsohon kashin, ki shimfiɗa jarida ko kwali mai tsabta, bayan awa 3 ko 4 ki dawo ki duba. In kinga kashi manya manya zagayayyu kamar yadda ta saba to da sauƙi, kewa ce ke damunta. In kinga ƙanana ne busassu, ko babu ko ɗaya, kuma kin miƙa mata ganyen da tafi so ta kau da kai, kar ki kwana da ita a gida, ki saka ta a kwali mai huji ki kai ta wajen likitan dabbobi yau ɗin nan, akwai asibitin dabbobi na gwamnati a La, akwai masu zaman kansu da yawa a gari. Zomon da yayi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, mu a wajen aiki a matsayin na gaggawa muke ɗaukarsa, kamar wanda mota ta buge.

Dalili kuwa cikin zomo ba irin na kare ko kyanwa bane. Kare zai iya kwana 2 bai ci ba ya tashi garau. Shi zomo hanjinsa kamar injin niƙa ne da ba'a kashewa, dole ciyawa ta riƙa shiga tana tura ta gaba dare da rana, akwai wani babban buhu a hanjin nasa cike da ƙwayoyin halitta masu narkar da ciyawa, da zarar abinci ya daina shiga sai hanjin ya tsaya, ƙwayoyin nan su rikice su fara tara iska, cikin ya kumbura ya riƙa ciwo, ciwon ya ƙara hana shi ci, rashin cin ya ƙara tsayar da hanjin, haka abin zai ta zagayawa. Kuma zomo baya amai, Allah bai halicce shi da wannan ba, duk abinda ya shiga ciki sai dai ya fita ta baya. Daga nan jikinsa ya yi sanyi, hanta ta fara lalacewa, cikin kwana 1 ko 2 sai a wayi gari ba shi. Yadda kika kwatanta Auta, ƙin ci, takurewa a lungu, ƙin motsi, wannan shine hoton da muka fi gani. Da kin sa kunne kusa da ita ranar Laraba ƙila da kinji tana cizon haƙora da ƙarfi, ƙaras ƙaras, to wannan kukan ciwo ne a wajen zomo, tunda shi baya ihu sai in abin ya kai maƙura.

Sai dai tsayuwar hanjin ita kanta yawanci wani abu ne yake jawo ta, kuma sai an buɗe gawa ake tabbatar da ko menene. A zomanya mai shekara 6 abu uku nake fara zargi. Na farko haƙori. Zomo haƙora 28 gare shi kuma dukkansu girma suke har ya mutu, taunar ciyawa ce ke goge su, in abincinsa yafi yawa a dusa da burodi da ragowar abincin gida sai turamen ciki su yi tsini suna yankar harshe da kumatu, ke daga waje baza ki gani ba sai dai kiga haɓarta a jiƙe da miyau ko ta ɗauki ganye ta yar. Na biyu mahaifa, zomanyar da ta wuce shekara 4 ba'a cire mata mahaifa ba kansar mahaifa tana yawan kama su sosai, a hankali take cinsu ba alama, wani lokaci sai dai ɗan jini a ƙarshen fitsari. Na ukun shine zafi, zan dawo kansa don shi ya cinye min tawa.

Akwai kuma wata cuta da ya kamata duk mai zomo a Accra ya san da ita, ƙwayar cuta ce mai sa zubar jini a ciki, an fara ganinta a Sin a 1984, wani sabon nau'inta ya ɓullo a Faransa a 2010, kuma a 2019 an tabbatar da shi a gonakin zomaye a nan yankin Greater Accra. Ita wannan kisan farat ɗaya take yi, zomo yana cin abinci da dare da safe a tarar da shi a miƙe, wani da jini a hanci, kuma bata tsayawa kan guda ɗaya. Tunda Ƙarama ta kai kwana 5 tana tsaye hankalina ya ɗan kwanta ta wannan ɓangaren, amma duk da haka ki wanke kejin da kwanonin da ruwan bilic, kashi 1 na bilic kashi 10 na ruwa, ki ɗauraye ki shanya a rana, kuma kar ki bari wani ya kawo baƙon zomo gidan a 'yan makonnin nan.

To laifinki ne? Bazan miki ƙarya ba don in faranta miki, da an kai ta ranar Laraba da safe an yi mata ƙarin ruwa da allurar kashe ciwo an ɗura mata abinci da sirinji, akwai yiwuwar ta tashi, mun sha ceto irinsu. Akwai kuma yiwuwar da an kai ɗin ma bazata tashi ba, in kansa ce ta riga ta ci jiki ko hanjin ya toshe gaba ɗaya. Amma laifi ai sai wanda ya sani ya ƙi. Ke wa ya taɓa gaya miki maganar awa 12? Wanda ya sayar miki da ita bai faɗa ba, a makaranta ba'a koyar ba, duk abinda muka taso muka gani shine in akuya ko kaza ta ƙi ci a bata kwana ɗaya a gani. Sannan ita dabbar da kanta ɓoye ciwo take. Zomo abincin kowa ne a daji, shaho na nema, maciji na nema, kare na nema, duk wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka, shi yasa Allah ya sa musu wannan hali na daurewa, zai zauna tsaf kamar lafiyarsa lau alhali cikinsa na ci da wuta, ranar da kika ga alama to ciwon ya daɗe da yin nisa. Mu da muke aikin ma yana shammatarmu.

Kuma ki duba wani abu, shekara 6. A unguwanninmu zomo nawa ne ke kaiwa haka? Zomon gida in ya samu kulawa yana yin shekara 8 zuwa 12, amma mafi yawan waɗanda nake gani a Nima da Maamobi da Fadama basa wuce 2, ko zafi, ko ƙwarin kunne, ko gudawa, ko kyanwar maƙota, ko wuƙa. Zomanyar da ta shekara 6 a gidan haya, ta wuce zafin watan Maris sau 6, ta wuce damina da ƙudaje, ta haihu ta yi reno, wannan ba'a hannun sakaki ta zauna ba.

Yanzu tambayar da nasan ita tafi tsaya miki a rai, ko ta san ki. Ta san ki ƙanwata, ba lallashi nake ba. Zomo yana rarrabe mutane da wari da murya da takun ƙafa, an sha kawo min zomon da ni in na miƙa hannu zai buga ƙafar baya a ƙasa ya shige ƙarƙashin benci, mai shi na yin magana sai kiga kunnuwan sun juya, ya fito ya tura kai ƙarƙashin tafin hannunsa. Ki tuna da kyau, ta taɓa goga haɓarta a yatsan ƙafarki ko gefen tabarmarki ko silifas ɗinki? A ƙarƙashin haɓarsu akwai wani wajen da ke fitar da wari wanda mu bama ji, da shi suke sa alama a abinda suka ɗauka nasu ne. Ta taɓa lasar hannunki? Zomaye junansu suke lasa, kuma ba kowa suke yiwa ba sai wanda suka yarda da shi a cikin garke. In kina shafa goshinta kin taɓa jin haƙoranta suna ɗan karkarwa a hankali, can ƙasa ƙasa, ba irin cizon ciwo ba? Wannan daɗi ne. Ko ta ruga da gudu ta daka tsalle ta murɗa jiki a sama ba gaira ba dalili, yawanci da sassafe ko dab da magariba don lokacin ne suka fi kuzari.

Amma babbar shaida a wajena ita ce kwanciya. Mu Hausawa muna cewa barcin zomo, don yana iya barci ido a buɗe, kullum cikin shirin gudu yake. To dabbar da aka halitta a kan tsoro haka, ranar da ta zo kusa da ke ta faɗi ta gefe ɗaya rigijib ta miƙe ƙafafu ta bar cikinta a fili ta lumshe ido, ta gama gaya miki duk abinda zata iya faɗa. Kare da son mutum aka haife shi. Zomo sai kin yi wata da watanni kina zama a ƙasa kina haƙuri, baki ɗaga shi ta kunne ba, baki bi shi da gudu ba, sannan yake baki wannan yardar, shi yasa rashinsa yake da wani irin ciwo da wanda bai taɓa ajiye shi ba bazai gane ba.

Tawa sunanta Toka, saboda launinta. A kwalin madara aka kawo min ita tana 'yar sati 6, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, kuma haka ta girma kunnen hagun bai taɓa miƙewa daidai ba. Ɗabi'arta in na dawo sallar asuba na zauna a bakin ƙofa da kofin koko, sai ta zo ta kama bakin jallabiyata da haƙori ta ja sau biyu, ba sau ɗaya ba ba sau uku ba, in ban kula ta ba ta ɗora ƙafafun gaba a gwiwata tana leƙa kofin. Bana bata kokon, ganyen dankalin Hausa nake ɓoyewa a aljihu, kuma ta san aljihun, na dama. Mahaifiyata Allah ya jiƙanta da farko cewa take ɗan nan ka rasa abin so sai abin miya, daga baya ita ce in ta je kasuwar Nima ranar Laraba take roƙo mata ganyen karas da na kabeji wajen masu kayan miya tana ƙullowa a bakin zani.

A 2015 lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, cikin watan Maris, na tafi aiki wata gona bayan gari na bar ta a ɗaki da fanka a kunne, ɗakin rufin kwano ne ba silin, na rufe taga saboda kyanwa. Aka ɗauke wuta da hantsi. Da na dawo bayan la'asar na tarar da ita a miƙe bayan buhun gawayi, kunnuwan sun yi ja zur suna zafi kamar an ɗora a wuta, hancin a jiƙe, tana numfashi da baki, kuma zomo ta hanci kawai yake numfashi, in kika ga ya buɗe baki to an kai ƙarshe. Na jiƙa tsumma na shafa mata a kunne, na yi duk abinda na sani, a kan cinyata ta cika kafin a kira magariba. Shekararta 5. Na fi wata ina fitowa da asuba da ganye a aljihun dama, sai na zauna sannan in tuna. Ni da nake gaya wa mutane kullum cewa zomo baya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 yana cikin haɗari, a ɗakina abin ya faru. Tun daga ranar duk wanda ya zo min da zomo sai na ce masa ya riƙa daskarar da ruwa a robar lemo, in rana ta take ya naɗe da tsumma ya ajiye masa ya jingina, ya sa masa tayil ko ya bar shi a kan siminti mai sanyi, keji kuma kar ya kwana ya wuni a ƙarƙashin kwano ba inuwa. Zomayen da robar ƙanƙarar nan ta ceta a unguwarmu suna da yawa, kuma duk sanda na faɗa Toka nake gani.

Su kuma masu dariya, kar ki riƙe su a zuciya sosai. A ƙasar nan da idon nama aka san zomo. A 1972 gwamnatin Ghana ta Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai, Operation Feed Yourself, a zamanin ne aka kafa aikin kiwon zomaye na ƙasa a Kwabenya, ana ta kiran mutane su ajiye zomo a bayan gida don samun nama mai araha, tunda cikin kwana 31 take haihuwa kuma ciyawa kawai take nema. Iyayenmu da wannan suka taso. A karin maganarmu ma yawanci in zomo ya fito farauta ce, zomo baya kamuwa daga zaune, zomo baya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Alhali ma wancan na dajin da maharba ke bi dabba ce daban, shi da gashinsa da idonsa a buɗe ake haifarsa a fili, namu na gida asalinsa daga wajen Sifen da Fotugal ne, a rami yake haihuwa, 'ya'yan tsirara ido a rufe. To mutumin da bai taɓa ganin zomo ya zo da gudu don an kira sunansa ba, in ya ganki kina hawaye abin zai masa kamar wasa. Yayanki da yayi maganar romo bana jin mugunta ce, rashin sani ne, amma maganar bata dace ba kuma kina da damar ki gaya masa cikin ladabi cewa yaya maganar nan ta min ciwo. Halal ne cin zomo, babu gardama, ya tabbata a hadisin Anas cewa sun kama zomo Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Annabi (SAW) da wani sashe ya karɓa. Amma halal ba wajibi bane, ba wanda ya ɗora miki yanka abinda kika rena da hannunki, balle dabbar da ba'a san ciwon da ke jikinta ba ni ko a wajen aiki bana ba da shawarar a ci.

Maganar zunubi kuwa, ni ba malami bane, amma akwai abinda duk muka ji tun muna makarantar allo. Anas ɗin nan dai yana da ƙane ƙarami ana ce masa Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah (SAW) da ya zo gidan ya ganshi haka bai yi masa dariya ba, bai ce don tsuntsu kake wannan ba, sai ya riƙa jansa da magana yana cewa ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi? Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Kuma shi ya gaya mana akwai lada a kyautata wa duk mai ɗanyar hanta, ya bamu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, da matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Addinin da ya ɗauki ran dabba da wannan nauyi, hawayen tausayi ba abin kunya bane a cikinsa. Abinda aka hana shine kururuwa da yage tufafi da faɗin maganar da ke nuna ba'a yarda da ƙaddara ba. Ki ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ki yi kukanki, ruwan da kika zuba mata shekara 6 yana rubuce.

Baki faɗi yadda kika yi da gawar ba. In kin binne to madalla. Ga masu karantawa da abin zai iya samu nan gaba, dan Allah kar a jefa a kwata ko a bola, a haƙa rami mai zurfi yadda kare bazai tone ba, nesa da rijiya, a naɗe a tsohon zani a rufe. Ba sallah ba wanka, dabba ce, amma mutunci ne kuma kariya ce ga sauran dabbobin unguwa. Sannan in akwai wani zomon da suka shaƙu, kuma ba'a zargin cuta mai yaɗuwa, yana da kyau a bar shi da gawar na ɗan lokaci ya shinshina, zaki ga ya zagaya ta ya tura ta da hanci wani har ya lashe ta, daga baya ya ja gefe. Waɗanda aka ɗauke musu abokin zama ba su gani ba sun fi daɗewa suna nema lungu lungu. Ina zaton abinda ke damun Ƙarama kenan, tun da aka haife ta jikin uwarta take kwana.

Don haka ita yanzu ke ce garkenta. Ki riƙa zama a ƙasa kusa da ita safe da yamma ko minti 20 ne, ba sai kin ɗauke ta ba, zomo baya son a raba ƙafarsa da ƙasa, in ya zama dole ki ɗaga ta hannu ɗaya a ƙirji ɗaya ya tallabi ƙugu, kar ta kunne, don in ta yi harbi da ƙafa a sama ƙashin bayanta na iya karyewa. Abincinta ya zama ciyawa ce kan gaba, tulin da ya kai girman jikinta kullum, busasshiya mai tsabta wadda ba'a yanko bakin kwata ko inda aka fesa magani ba, masu sayar da ciyawar tumaki a unguwa suna da ita, harawar gyaɗa ma tana yi amma kaɗan. Sai ganye, na dankalin Hausa, na karas, ɗan zogale. Shi karas ɗin kansa zaƙi ne, yanki ɗaya ya isa. Burodi, biskit, ragowar waakye (shinkafa da wake), tuwo, ƙosai, duk ki daina, nasan da so ake bayarwa amma su ke lalata cikin. Ɗanyen kontomire (ganyen gwaza) da ɗanyen ganyen rogo da paya (avokado) da albasa kar su kusance ta. Ruwa a kwano mai nauyi kullum, ƙarya ne da ake cewa zomo baya shan ruwa. In kika ga tana lanƙwasawa tana cin wani kashi mai laushi daga jikinta kar ki hana, abincinta ne, haka aka halicce su.

Wani abu kuma da ke kashe zomaye a unguwanninmu fiye da cutar kanta: a ga ba lafiya a ruga kemis a sayo amoksisilin ko ampiklos a buɗe a zuba a ruwa. Dangin penisilin ta baki guba ne ga zomo, suna kashe ƙwayoyin cikin nan masu amfani, gudawa ta ɓalle ya mutu cikin kwanaki. Haka maganin ƙuma na karnuka mai fipronil, irin su Frontline, kar a ɗiga wa zomo. Kuma tunda Ƙarama mace ce, in kin je asibitin ki tambayi likita maganar cire mahaifa da kuɗinsa, ki sa ya leƙa turamenta da fitila.

Sabon zomo kuwa kar ki yi gaggawa, kar kuma ki bari wani ya sayo miki don ki daina kuka, zaki ta auna shi da Auta ne kina ganin gazawarsa shi kuma bai san laifin da yayi ba. Ni sai da na shekara kusan 2. In lokacin yayi zaki ji a ranki, kuma in kin kawo ki ware shi sati 2 zuwa 4 kafin ya haɗu da Ƙarama, a hankali, a wajen da ba na kowa ba, don mata biyu baƙin juna faɗa suke har da jini.

Hotunanta da ke wayarki ki tura su wani waje yau kafin waya ta faɗa ruwa ko a sace, ni hoton Toka guda 1 tak ya rage min, shima ya ɗan yi duhu, kunnen hagun nan ne kawai ya fito sosai. Ki samu littafi ki rubuta ƙananan abubuwan, inda take kwanciya, abinda take yi in taji ƙarar leda, ranar da ta fara cin abu a tafin hannunki, don su ne suke fara gogewa, shekara 2 nan gaba zaki neme su. Kwanon ruwanta in ganinsa na tayar miki da hankali ki wanke ki ajiye a akwati, ba sai kin yar ba.

Yanzu dai je ki shimfiɗa jaridar nan. Zuwa isha'i ki rubuto min abinda kika gani a kai, manya ne ko ƙanana, da ko ta taɓa ganyen.